Wasiƙar da Kaka Bai Aika Ba

4 ga Maris

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda kewa ta dama, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Kawu, gwargwadon lafiyar da mutum zai samu a inda yake. Mu nan kowa ƙalau. Umma ta rabu da ciwon haƙorin nan, Abba yana ta zirga-zirgar aikinsa, ni kuma na gama jarrabawa ina zaman jiran sakamako. Matar nan mai yadi da ke fatauci zuwa can ta ce jibi za ta tsallaka iyaka, za ta cusa mini takardar a cikin bandir. Tun da ƙasashen nan biyu suka yanke layin waya ban ji muryarki ba, yau wata biyar.

Labarin farko ba mai daɗi ba ne. Magatakardan Kaka ya faɗi a ƙofar ofis, ɓarin jikinsa ya shanye, yana asibiti ko magana ba ya iyawa. Sai da ya kwanta muka gane abin da su biyun suka ɓoye mana kusan shekara biyu. Gwaggo, idon Kaka ya tafi. Yana ganin mutum kamar inuwa, rubutu kuwa ko ɗigo. Duk jawabin da yake yi a majalisa da takarda a hannu hadda ce. Magatakarda ke karanta masa sau uku ya haddace, takardar riƙo kawai yake yi.

Kaka ya ƙi a kawo baƙo ya maye gurbin Magatakarda, wai idan zancen ya fita, yaran majalisa da ke kiransa kayan tarihi kafin la'asar sun raba kujerarsa. Sai ya aiko a kira ni. Ya ce, "Amarya, ke ce ko an matse ki ba kya magana. Zo shirunki ya yi mana rana." Kin san ni, ƙasa kawai na kalla.

Yanzu kullum da hantsi ina ɗakin karatunsa, ɗakin da ko ku ba a barin ku shiga. Dogon tebur ne, da kabad ɗin ƙarfe guda uku, bango kuma duk hotuna. Ga shi da baƙin gashi ranar da ya fara shiga majalisa, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ga shi yana sa hannu a yarjejeniyar kogi. Ga shi a bakin jirgi da ɗaliban da ya kwaso lokacin yaƙi. Shekara goma sha huɗu yana shugabancin kwamitin harkokin waje, ni kuwa sai yanzu na san abin da suke yi. Takardu ne busassu kamar ƙashi. Sai in karanta shafi arba'in babu wanda ya ce yana son wani ko yana ƙin wani, sai "muna lura" da "muna nazari".

Jiya jakadan ƙasar da kike ya zo. Ni na kai shayi. Na laɓe a bayan labule ina jira in ji an ambaci Kawu. Sa'a guda suna hirar ciwon gwiwar jakadan, da ruwan bana, da wani abokinsu da ya rasu. Sai a bakin ƙofa Kaka ya ce, kamar wanda ya tuna abin banza, wai yaran nan tara masu awon ƙasa da aka kama a bakin iyaka, iyayensu suna tambaya. Jakada ya ce ana dubawa. Shi ke nan fa, ko sunan Kawu da ke cikinsu bai ambata ba. Da ya tafi na tattara kofuna, Kaka ya ji yadda nake ajiye su, ya ce in bi masa kofuna a hankali ba su suka kama kowa ba.

Gwaggo, ki ba ni labarin Kawu. Kuna ganawa? Yana riƙe hannunki? A littattafan da nake karantawa, idan aka kulle miji matar kan tsaya a ƙarƙashin tagarsa har masu gadi su ji kunya. Idan na tuna kin bar aikinki da ɗakinki kin bi shi ƙasar da ko yarensu ba kya ji, sai in ga duk matan littattafan nan ba su kama ƙafarki ba. Kada ki yi mini dariya.

Taki har kullum,
'Yar yayanki

*

19 ga Maris

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙamshin sabon yadi. Ina lafiya, in ban da ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa. Ki gaida Yaya da Ummanki. Ki je asibiti ki duba mini Magatakarda, mutumin kirki ne.

Ban yi miki dariya ba, amma babu taga. Katanga ce mai tsawon mutum uku, da layin mata tun daga ƙofa har bakin titi. Ran Laraba ake shiga. In kin yi sa'a minti goma sha biyar, tsakaninku waya mai raga biyu, mai gadi yana tsaye yana sakace. Hannu ba ya kaiwa. Kawunki ya rame, an aske masa kai, yana tari irin wanda ba na so. Amma bakinsa na nan. Ya ce in gaya miki shi da ya auna rabin ƙasa yanzu ɗakinsa taku shida ne da huɗu, ya auna ya sake aunawa bai ƙaru ba.

Ni kuma ɗaki na kama a bayan wani kantin magani, ina wanke musu kwalabe da share ƙasa. Mu huɗu ne matan da muka biyo mazanmu. Sauran ukun kullum tambayata suke yi ko na san wani babba a gida. Sai in ce ban san kowa ba.

Kin san dalili? Ranar da zan taho na durƙusa a gaban Baba ina kuka. Ko kaina bai dafa ba. Abin da ya ce kawai, idan na tsallaka kada in kuskura in ambaci sunansa, kada kowa ya san ni 'yarsa ce, kuma in gaya wa mijina da abokan aikinsa su ma su kama bakinsu. Na tambaye shi dalili, ya ce mota tana jirana.

Dalilin ai a fili yake. Zaɓe ya matso. Surukin da ake ce wa ɗan leƙen asiri ba abin ado ba ne a jikin allon kamfe. Ke yarinya ce, yanzu kika shiga ɗakin nan. Mu a ƙofarsa muka girma. Ranar da aka haife ni yana wata ƙasa yana sasanta mutanen da ba su san sunansa ba. Ranar da mahaifiyarmu ta cika yana wata. Ya kwaso 'ya'yan mutane ɗari uku a jirgi, an ɗauki hoto. Mijin 'yarsa guda ɗaya kuwa sai hirar gwiwa.

Na ji zancen idonsa, kuma ban ji daɗi ba, Allah ya sani. Amma ni tun yana gani bai gan ni ba.

Kada ki karanta masa wannan. Ki rage karatun littattafan nan kuma, za su lalata miki ido ke ma.

Gwaggonki

*

2 ga Afrilu

Gwaggona,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar? Umma ta ce ki riƙa ɗora ta a kan matashi idan kin kwanta. Mu lafiya lau. Na je wurin Magatakarda, ya gane ni, ya matse mini yatsa.

Wasiƙarki sau biyar na karanta, kowane karo sai na yi kuka a layin nan na ƙarshe da kika ce bai gan ki ba. Sai ga shi shekaranjiya Allah ya kawo amsar da kansa.

Jaridar can ce ta iso cikin jakar ofis. A shafin farko an jera su Kawu su tara a tsugune, an baza igiyar awo da taswirori a gabansu kamar an kama makamai. Kaka ya ce in faɗa masa abin da ke cikin hoton. Na faɗa. Ya ce na nawa ne shi a layin? Na ce na shida. Ya ce da takalmi a ƙafarsa? Na ce babu.

Gwaggo, sai ya miƙe. Ya ce in rufe ƙofa in ɗauki alƙalami. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Yana kai da kawowa yana buge kujeru, yana faɗa ina rubutawa, zuwa ga ministan harkokin wajen can, wanda suka san juna tun suna samari. Shafi uku muka cika. Na kwafo miki inda ya fi taɓa ni, kalma da kalma, ban ƙara ko wasali ba:

"Ni da kai mun san igiyar awo ba bindiga ba ce. Shekara ashirin da biyar ina rufa wa gwamnatinku asiri a gaban majalisarmu, ina shan zagi a madadinku, ana ce mini ɗan amshin shatanku. Yau ga sakayya. Cikin mutum taran da kuka aske wa kai kuka tsugunar babu takalmi, na shida mijin 'yata ne. 'Yar da ban ga haihuwarta ba saboda ina teburinku. Tana ƙofar kurkukunku tana bin layi kamar marar kowa, alhali tana da uba. Idan tarin da yake yi ya zama wani abu, wallahi zan tashi a zauren majalisa in faɗi abin da aka yi a bayan fage kafin a sa hannu a yarjejeniyar kogi, mu ga wanda zai kwana a kujerarsa tsakanina da kai."

Da ya zo wurin "alhali tana da uba" muryarsa ta karye. Ya juya fuska wajen taga, amma daga kafaɗarsa na gane kuka yake yi. Ashe ya san da tarin. Ashe ya san da layin. Ban san wa ke gaya masa ba, ni dai ban karanta masa wasiƙarki ba.

Kin gani ko? Yana sonki. Irin mutanen nan ne da ke cikin labari, masu fuskar dutse, sai a babi na ƙarshe a gane su suka fi kowa ƙuna. Na zaɓi takardata mai furanni a gefe na rubuto miki, wadda nake ɓoyo, don ki adana. Idan layin Laraba ya yi tsawo ki ciro ki karanta.

Ina ji a jikina ƙarshen labarin nan mai daɗi ne. Har na ga ranar da za ku shigo gida, ke a gaba Kawu a baya, Kaka yana lalubar fuskarki da hannu.

Taki,
'Yar yayanki

*

8 ga Afrilu

Gwaggo,

Sallama. Muna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Don girman Allah, takardar nan mai furanni, ki ƙona ta. Kada ki nuna wa kowa, ko Kawu, ko matan da kuke tare.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Wasiƙar nan Kaka bai aika da ita ba, kuma ba zai aika ba. Haka yake aikinsa tun farko. Idan ransa ya ɓaci sai ya rufe ƙofa ya zazzage wa Magatakarda duk abin da ke cikinsa, a rubuta, a jefa a aljihun kabad na ƙasa ta kwana. Da safe ya sake faɗar wata, ita ake bugawa a aika. Aljihun nan cike yake, Gwaggo, wasiƙun shekara talatin, zuwa ga ministoci da jakadu da shugabanni, ba wadda ta taɓa fita ɗakin. Ya ce da ba don aljihun nan ba da tuni ya jawo yaƙi uku.

Washegari ya faɗa mini ta aikawa. Layi huɗu ce. Gaisuwa, da tambayar jikin matar ministan, da fatan za a duba batun ma'aikatan awo cikin ruhun maƙwabtaka. Na san da wannan kafin in liƙe ambulan ɗinki. Na riƙe alƙalami zan ƙara miki bayani, sai na ga zai ɓata daɗin. Na so ki yi kwana biyu kina da uba irin wanda kike so.

Yau jakada ya dawo. Bayan ya tafi Kaka ya kira ni yana murmushi, ya ce Amarya an gama. Ƙarshen watan nan za a sako su duka tara, ba kotu ba jarida, a ce kuskuren taswira ne. Farin ciki ya sa na yi ƙarfin halin tambayarsa me ya sa ya hana ki ambaton sunansa. Ya ce, "Yanzu a wurinsu ma'aikata tara suka kama, kuma ciyar da su ya ishe su. Ranar da suka san ɗaya surukina ne, sun kama abin da za su riƙe ni da shi. Wa ke sakin irin wannan?"

Sai a lokacin na gane abin da na aiko miki.

Mai yadi ba za ta tafi ba sai bayan kwana goma. Na ba wani direban babbar mota wannan, Abba ya san shi, ya ce gobe zai tsallaka. Ki yi shiru na sati uku kawai, Gwaggo. Sati uku.

'Yar yayanki

*

13 ga Afrilu

'Yata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, yau ko ƙafar ban ji ba. Ki gaida kowa da kowa. Takardarki mai furanni ta iso ran Lahadi, ita ce ta ƙarshe da na samu. An ce an rufe iyaka ga manyan motoci kwana biyun nan, ban sani ba ko kin sake rubutowa.

A tsaye na karanta a bayan kanti, sai ga ni zaune a kan kwali ina kuka, har mai kantin ya leƙo ya zaci mutuwa aka yi mini. Shekara arba'in da ɗaya ina jiran mutumin nan ya ce ni tasa ce a gaban wani. Ashe sai a gaban minista zai faɗa. Na zage shi a wasiƙata, Allah ya yafe mini. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce in ji ni. Kada ki ce komai bayan haka, zai gane.

Tunda shi da bakinsa ya gaya wa ministansu ko ni wace ce, ɓoyon me ya rage? Ran Laraba na je ƙofa ban bi layi ba. Na ce da mai gadi ya kira mini shugaban gidan, na faɗi sunan ubana. 'Yata, da kin ga yadda aka kawo mini kujera. Wata shida ina tsaye a rana, ashe akwai ɗaki mai fanka. Aka fito da Kawunki babu raga a tsakaninmu, muka yi kusan sa'a guda. Na riƙe hannunsa, tunda kin tambaya.

Shi dai bai yi murna yadda na so ba. Ya yi ta tambaya ko na tabbata Baba ya ce a faɗa. Na ce ga shi a rubuce, jikarsa ce ta rubuta da hannunta. Kin san shi da tsoro, mutumin da ke auna abu sau uku.

Lauyan da ke bin shari'arsu ya ce wannan takarda ta fi duk abin da ke cikin jakarsa. Ya ce minista zai iya danne wasiƙa a aljihu, amma ba zai iya danne jarida ba, idan mutane suka karanta dole a motsa. Na ba shi ya ɗauki hotonta, ya dawo mini da abata. Tana ƙarƙashin matashina.

Matan nan uku sun yi fushi da na ɓoye musu, daga baya suka rungume ni. Yanzu ni ce shugabarsu, wai 'yar manya.

Ki fara share mini ɗakina. Kuma na janye maganar littattafai, karanta abinki.

Gwaggonki mai sonki

*

6 ga Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu da sauƙi. Kaka hawan jininsa ya tashi, likita yana zuwa gida. Sakamakona ya fito, na ci, ba wanda ya tuna ya tambaya, ni ma ban faɗa ba.

Sau huɗu ina fara wannan ina yagawa. Na san kin riga kin san rabin abin da zan faɗa. Ga rabin da ya faru a nan.

Jaridar can ta riga wasiƙarki isowa. Ni na buɗe jakar ofis kamar kullum. Na ga furannina a shafin farko, an ƙara musu girma. Kaka yana zaune yana jiran in fara. Ya ce, Amarya yau kuma shirun ya yi yawa, karanta mana. Na karanta masa, Gwaggo. Tun daga igiyar awo har kujerar minista, da bakina. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in duba aljihun ƙasa. Na ce ainihin wasiƙar tana nan, ba a taɓa ta ba. Sai ya ce, "Rubutun wa ke cikin hoton?"

Na ce nawa ne.

Na so ya mare ni. Na so ya rufe ƙofa ya yi irin faɗan nan nasa, ko da ni zan rubuta. Sai kawai ya tambaya ko ke na aika wa. Na ce eh. Ya ce, "Ta ji daɗi?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya gyaɗa kai, ya ce in kira masa direba.

Kwana uku yana neman jakada, ana ce masa ba ya nan. A na huɗu aka ce an kira shi gida. Ministan can ya yi jawabi, ya ce ba za a yi wa ƙasarsu barazana ba, kuma yanzu sun gane wanda ya turo 'yan awon.

Ranar da majalisa ta zauna a kan zancen na bi shi, na zauna a sama inda baƙi ke zama. Waɗanda ya koya wa yadda ake gaida jakada su suka fi kowa ɗaga murya. Wai ya ɓoye wa kwamiti cewa yana da suruki a cikin lamarin. Wai me aka yi a bayan fage a yarjejeniyar kogi? Wani ya ce a kawo wanda ya fitar da takardar a hukunta shi. Kaka ya miƙe ya ce maganar tasa ce, kowace kalma, kuma ba shi da wani suna da zai ba su bayan nasa.

Sai wani matashi, wanda aka ce shi ke neman kujerar, ya tako har gabansa ya miƙa masa jaridar, ya ce tunda tasa ce ya karanta wa zaure da kansa. Ina jin ya riga ya ji ƙishin-ƙishin zancen idon Kaka. Kaka ya karɓa. Ya riƙe ta kamar yadda ya saba riƙe takarda. Na san zai iya kawo ta da ka, shi ya faɗe ta, kuma ba ya mantuwa. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya ninke ta ya miƙa wa yaron, ya ce, "Ɗana, ba na gani. Shekara biyu ke nan."

Zauren ya kaure da hayaniya. A ranar ya ajiye shugabancin kwamiti. Bayan sati jam'iyya ta ba wani takarar mazaɓarsa. Mutanen da ke cika mana ƙofar gida tun da asuba, yanzu ko almuru ba ka ganin mutum biyu. An zo an kwashe kabad biyu na gwamnati. Na ukun nasa ne, ya ce a bar shi a rufe.

Kaka ya gaya wa Abba ya ajiye kujerar ne ko mutanen can za su huce, su ga ba sauran abin da za su matsa masa a kai. Shekaranjiya sabon shugaban kwamiti ya aiko da takardar sunayen waɗanda za a sako. Ni na karanta masa. Ya ce in ƙirga. Na ƙirga takwas. Ya ce in sake.

Gwaggo, ban san ko wasiƙata ta takwas ga wata ta same ki ba. Ba lauya ba ne, ba ke ba ce. Ni ce. Na san ba a aika ba, na yi shiru don labarin ya yi daɗi. Abba ba ya yi mini magana. Kaka kuwa har yanzu da hantsi sai ya aiko a kira ni, alhali babu abin karantawa. Mu zauna, shi yana fuskantar taga, ni ina kallon tebur. Jiya ya ce in rubuta miki cewa laifinsa ne da bai gaya miki dalili ba tun ranar da kika durƙusa. Ya ce ya saba da mutanen da ba a gaya wa dalili, ya manta ke ba jakada ba ce.

Ki rubuto ko zagi ne.

'Yar yayanki

*

11 ga Yuni

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ina nan da rai. Ina fatan jikin Baba da sauƙi. Ki gaida Yaya, ki ce in ji ni ya daina gaba da ke, ba ta gyara komai.

Wasiƙarki ta takwas ga Afrilu ta iso kwana tara bayan jarida ta fita. Direban ya kwana goma sha biyu a iyaka, ya kawo ta duk maiƙo, yana ta ba ni haƙuri. Na karanta. Ta Mayu ma na karanta.

Takwas ɗin sun tafi. Na raka matan nan uku tasha, na taya su ɗora kaya. Ɗaya ta bar mini bokitinta da murhu.

An yi wa Kawunki shari'a shi kaɗai, a rufe, cikin rabin yini. Shekara goma sha biyu. Takardarki mai furanni tana cikin hujjojin, sun sa mata lamba. An mayar da shi wani gidan, tafiyar kwana biyu daga nan, inda ake shiga sau ɗaya a wata. Jibi zan bi shi. Mai yadi ba ta kaiwa can. Idan na sami wanda zai riƙa kawo takarda zan sanar da ku.

Kin ce in zage ki. Na zauna zan yi, na rasa ta inda zan fara. Ke kika rubuta, ni na kai ƙofa, shi ya yi shiru shekara arba'in. Ban ce na yafe ba, kada in yi miki ƙarya. Ban kuma ce ba zan yafe ba. Yanzu dai ba ni da wurin ajiye wannan, kayana sun yi yawa.

Ki gaya wa Baba saƙonsa ya iso. Ki ci gaba da zuwa idan ya kira.

Na ga Kawunki minti biyar kafin a sa shi a mota. Ban gaya masa cewa wasiƙar ba a aika ta ba, har yanzu yana zaton surukinsa ya tsaya masa a gaban minista, kuma da wannan yake tafiya. Ya tambaya ko kin ci jarrabawa. Na ce kin ci. Ya ce dama ya sani, ya ce in gaishe ki.

Na gaishe ki.

Gwaggonki